Matakalar da Na Cire wa Jif

Ni mai walda ne, garejina yana kan Titin Bauchi. Ban yi nisa a boko ba, amma tun ina koyon aiki na riƙe ɗabi'a ɗaya: kowane aiki sai na rubuta shi a littafi, in sa masa lamba, kuma ba na taɓa na biyu sai na gama na ɗaya. Da wannan na riƙe gareji shekara ashirin da wani abu ba a taɓa dawo mini da ƙofa ko taga an ce na manta wani abu ba. Ina alfahari da hakan, kuma ba na son a sa mini baki.

Shekaru uku da suka wuce na sayi wata babbar jif a hannun wani ɗan kwangila da ya gaji da yawan man da take sha. Motar manya ce, baƙa, kujerunta na fata, sanyinta har ƙashi. Tana da wani abu da ban taɓa gani ba sai a jikinta: da an buɗe ƙofa sai matakala ta zuro da kanta daga ƙarƙashi, da an rufe ta koma. Ni ba don gayu na saye ta ba. Ina saurayi na yi wa wasu masu awon ƙasa tuƙi, muka yi ta kwana a kan duwatsu da bakin tsofaffin ramukan kuza, muna dafa shayi da safe hazo yana ƙasa da mu. Tun daga lokacin nake son in mallaki motar da za ta shiga inda babu titi, in kwana a cikinta, in tashi in wuce.

Kafin in fara taɓa ta, motar tana da aiki guda ɗaya tabbatacce. Duk ranar Alhamis nakan kai mahaifiyata, wadda muke kira Inna, gidan ƙawarta.

Ƙawar tata wata tsohuwa ce Kirista, 'yar asalin duwatsun nan, kowa Mama yake ce mata. Sun yi shekaru masu yawa rumfarsu na jikin juna a kasuwar Farin Gada, ita tana kawo dankalin Turawa da kabeji daga gonar mijinta, Inna tana sayar da albasa da kayan miya. Bayan rigingimun da suka raba unguwannin garin nan, Mama ta koma kan wani tudu a bayan gari, mu kuma muka tsaya a Rikkos. Idon Mama ya yi rauni, ba ta fita. Gwiwoyin Inna sun lalace, kuma keke mai ƙafa uku ba ya iya hawa tudun. Da jif ɗin ta zo sai abin ya yi sauƙi. Inna takan ɗora ƙafa kan matakalar, ta kama ƙofa, ta zauna, babu mai taimaka mata.

Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin ni ne ɗanta na fari, kuma Inna mai kunyar ɗan fari ce ta gaske. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta roƙona komai, ba ta yarda in riƙe mata hannu. In tana son abu sai ta gaya wa matata, ko ta dubi bango ina zaune ta ce, "A ce wa wancan gobe Alhamis." Da haka na tashi, na san ma'anar kowane shiru nata.

Na buɗe sabon shafi na rubuta ayyukan jif guda takwas. Na ɗaya manyan tayu masu ƙusoshi. Na biyu canza sifirin, wato ƙarafan da ke ɗauke da jikin mota, a ɗaga ta. Na uku cire matakalar nan mai fitowa da kanta, domin tana rataye ƙasa, dutsen farko zai karya ta. Sauran su ne ƙarfen kare gaba, da ƙarfen ɗora kaya a sama, da tanti mai buɗewa a kan rufi, da durowar katako a madadin kujerun can baya, sai tankin ruwa. Na ɗaya zuwa na uku na gama su cikin mako guda. Matakalar na ba wani mai sayen kayan mota, ya tafi da ita a ranar.

Da na kawo motar gida matata ta zagaya ta, ta gwada hawa, ta sauko tana haki.

Ta ce, "Malam, ka ga tsayin motar nan kuwa? Ni da nake da ƙafa sai da na kama ƙofa hannu biyu."

Na ce, "Don dutse aka yi ta."

"To Inna dutse za ta hau ranar Alhamis?"

"Ki ɗauko kujerar tsuguno."

"Kujerar tsuguno! Motar da ta fi gidan nan tsada, a hau ta da kujerar wanke-wanke."

Na ce mata aikin mota ba nata ba ne. Ta juya ta shige gida.

Ranar Alhamis aka ajiye kujerar a ƙofar gida, inda ƙasa take a daidai. Matata ta tallafi Inna ta baya, ta hau da ƙyar. Matata ba ta bi mu ba, tana da girki. Na sa kujerar a baya muka tafi. Motar ta haye tudun kamar ba tudu ba, ina jin daɗi a raina, ina cewa aikina ya yi.

Mama tana zaune a bakin ƙofa tana shan rana. Da ta ji ƙugin inji ta ɗaga murya ta ce, "Wane ne ya kawo mini tirela a gida?" Ta taso tana lalube, ta dafa taya, ta ce da Hausarta da ba ta raba mace da namiji, "Yarona, motarka ne ya girma ko ni ne na gajarce? Ina ƙawana? Ka sauko mini da shi."

Ƙofar gidan Mama gangare ce, kuma dutse ne. Na ajiye kujerar, tana rawa. Na sa mata ƙaramin dutse a ƙarƙashi, ba ta daina ba. Inna ta juyo, ta zuro ƙafa ɗaya, ƙafar ba ta kai ba. Ta ƙara zamowa har ta rataye a bakin kujerar mota, ba ta iya komawa, ba ta iya sauka, zaninta ya fara kwancewa. Na miƙa hannu biyu zan ɗauke ta. Ta kawar da fuska ta ce wa iska, "A matsa." Na matsa. Maƙwabta sun fara leƙowa. 'Yar Mama ce, wata ƙaƙƙarfar mace mai aikin jinya, ta fito da gudu ta juya mata baya, ta goya ta kamar jaririya ta shiga da ita.

Mama tana biye da su tana tafa hannu. "Ƙawana, yau an goya ki! Saura a ba ki nono."

Aka yi dariya, har Inna ta yi. Da za mu koma ma goyon aka sake yi. A hanya ko irin labarin da Inna takan ba wa gilashin mota don in ji, ba ta bayar ba.

A ranar na san abin da na yi. Ba zan ce ban gane ba. Na ɗauko littafi na rubuta a ƙasan shafin: na tara, matakalar hannu mai hawa biyu, wadda za a saƙala a bakin ƙofa. Har zanenta na yi, da awonta. A lokacin ina kan na huɗu.

Na gama na huɗu da na biyar. Na shida shi ne tanti, kuma daga Legas aka ce za a turo shi. Aka ce mako biyu, ya zama wata, ya zama wata biyu da rabi. Ban zauna ba, ina ta aikin mutane, ƙofofi da tagogi da tankuna. Amma aikin jif ya tsaya a shida. Bututun ƙarfen da zan yi matakalar da shi yana jingine a kusurwar gareji, kullum ina wucewa ta gabansa. Ina gaya wa kaina cewa in na fara tsallake lamba yau, gobe duk tsarin ya rushe.

Alhamis ta farko saƙo ya zo ta bakin matata: Inna ta ce yau ƙafar ta tashi. Ta biyu, wai tana tsammanin baƙi. Ta uku, hadari ya haɗo. Daga nan ma aka daina kawo dalili. Ni kuwa duk sanda aka ce ba za a je ba sai in ji wani sauƙi, in ɗauki motar in tafi gwada ta a hanyoyin duwatsu. Sau uku ina bi ta mahaɗar da ake juyawa zuwa gidan Mama, ban juya ba.

Wata rana da safe ina karyawa matata ta zauna kusa da ni.

Ta ce, "Ka san ba ƙafa ba ce."

Na ce, "Yana cikin littafi."

"Lamba nawa?"

"Tara."

"Kai kuma kana nawa?"

"Shida."

"Shidan da ke Legas?" Ta yi wata dariya mara daɗi. "To ka ari motar maƙwabcinka mana, ai tana hawa tudun."

Na ce ba za a ce ina da jif a ƙofar gida ina aron akwalar wani in ɗauki uwata ba. Ta kwashe kwanuka ta tashi, ko shayin ban gama ba.

A cikin wata na biyu 'yar Mama ta zo gidanmu da rabin buhun dankali a kai. Ina tsakar gida ina wanke hannu, ina jin su. Bayan gaisuwa ta ce, "Inna, Mama ta ce in tambaye ki ko ta yi laifi ne. Ta ce maganar nonon nan wasa take yi, wallahi ba raini ba ne. Kullum Alhamis sai ta sa a fitar mata da kujeru biyu."

Inna ta ce, "Wane laifi? Ki ce mata ina nan tafe. Ki ce mata ta daina zaman rana, tana ƙara mata ciwon ido."

Da 'yar Mama za ta fita ta tsaya ta dubi motar, ta dube ni, ta ce, "Yaya, sannu da aiki." Na amsa. Da ta tafi na shiga ɗaki na duba littafin, kamar lambar za ta canza. Na kira mai turo tantin daga Legas na yi masa faɗa sosai. Ko wannan ranar ban taɓa bututun ba.

Tanti ya iso daga baya. Na ɗaura shi cikin kwana biyu, ya zauna daram. Na yi durowar, kafinta ya taimaka mini, tana shiga tana fita babu ƙara. Na fara tankin ruwa. Ina lissafa cewa nan da mako guda zan kai tara, har ina shirya yadda zan sa matata ta gaya wa Inna.

Ranar wata Talata da hantsi ina ƙarƙashin motar ina ɗaure tankin sai na ga ƙafafun mace sun tsaya a gefe. Na fito. 'Yar Mama ce, ta ɗaura baƙin ɗankwali. Ta ce, "Yaya, Mama ta tafi jiya da yamma. Na ce gara in fara gaya maka, kai ka san yadda za ka gaya wa Inna."

Ban san yadda zan gaya mata ba. Na je gida na gaya wa matata, ita ta shiga ɗaki. Na tsaya a tsakar gida. Ban ji kuka ba. Bayan ɗan lokaci Inna ta fito da mayafinta a hannu, ta dubi bango ta ce, "A kai ni."

Na ce wa matata su ba ni lokaci kaɗan. Na koma gareji na bar tankin a rataye da ƙusa biyu. Na ɗauko bututun nan na yanka shi bisa awon da ke littafi, na lanƙwasa ƙugiyoyi biyu, na yi hawa biyu da farantin ƙarfe mai ƙurji don kada ƙafa ta zame, na sa wa ƙafar ƙasa zare irin na noti yadda za a iya tsawaita ta a kan gangare. Na goge kaifin, na hau na yi tsalle a kai. Na duba agogo, domin ni mai duba agogo ne. Awa ɗaya da minti arba'in. Ko fenti ban shafa ba, ƙarfen da ɗuminsa na sa shi a mota.

A ƙofar gida na saƙala ta. Inna ta taka na farko, ta taka na biyu, ta kama ƙofa ta zauna. Matata ta shiga kusa da ita.

A gidan Mama an kafa rumfa, matan coci suna zaune suna waƙa a hankali. Na daidaita ƙafar matakalar a kan dutsen, Inna ta sauka da kanta. Matan suka buɗe mata hanya, da yawansu sun san ta tun kasuwa. Ta shiga ɗakin Mama ta zauna a bakin gado. Ni na zauna cikin maza a waje, na yi gaisuwa. Wani dattijo ya ce motar nan ta yi kyau, ina za ni da ita haka? Na ce daji. Ya ce lallai za ta je.

Sai bayan la'asar Inna ta fito. Muna gangarowa daga tudun ta ce wa matata, da muryarta ta kullum, "Matakalar nan ta yi daidai da ƙafata. A ce masa an gode."

Matata ta dubi titi, ba ta isar da saƙon ba. Muka isa Rikkos. Na fito na saƙala matakalar, na koma gefe na juya baya, ta sauka.