Wayar da na ja zuwa ɗakin Inna

Jama'a, wannan abin ni ya faru da ni, ba ji na yi a majalisa ba, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba. Shekara ashirin ke nan ko kusa, lokacin ina haya da kayan sauti a Congo-Russia cikin Jos, biki, suna, wa'azi, har coci ana kirana. A sana'armu mutane manyan sifiku suke kallo, amma rufin asirinmu yana cikin wani gwangwani da nake tara adafta, ƴan ƙananan kawunan nan da ke haɗa wayar da bakinta bai dace da wata ba. Wani ya mai da ƙaramin jak, wato kan waya, babba ka sa kaset a miksa, na'urar da ke haɗa sauti, wani ya haɗa gajerun wayoyi su yi tsawo, wani kuma baki ɗaya ƙafa biyu, ya raba sauti gida biyu.

Wata Asabar da hantsi aka kira ni unguwar Dilimi walimar saukar Alƙur'ani ta wata budurwa, Rukayya. Ina cikin kafa kaya ta zo ta durƙusa, ta ce kakarta, Inna, ita ta fara ɗora mata karatu, ga shi tana kwance a ƙuryar gida ba ta iya fitowa, kunnen ma ya yi nauyi, ko akwai dabarar da za ta ji ta? Ni mutum ne mai ƙorafi, na ce ai ba a yi da ni haka ba, amma dai na ɗauko mai ƙafa biyun nan, na raba sautin, na ja doguwar waya ta tsakar gida, gwaggon yarinyar ta karɓa ta ajiye ƙaramar sifika kusa da kan tsohuwar.

Bayan azahar Rukayya ta fara karatu, ni kuma hedifon na kunnena. Ta yi nisa sai ta sarƙe. Shiru, ga taro ya zuba mata ido, ina jin numfashinta yana rawa a makirfo, har ni tausayinta ya kama ni. Sai na ji wata murya cikin hedifon, ta tsohuwa, a hankali, ta faɗi kalmar da ke gaba. Nan take yarinyar ta ɗauka ta wuce. Sau biyu aka yi haka.

To ku gane, wayar nan kai sauti take yi, ba ta dawo da shi, kuma babu makirfo a ɗakin. Na duba miksa, layi ɗaya ne a buɗe. Na ce wa raina wataƙila wata malama ce a kusa da Rukayya, na ɗaga kai, babu kowa sai malaminsu, bakinsa a rufe.

Da aka shafa addu'a na shiga naɗe wayata, sai na tarar da gwaggon a bakin ƙofa, ido ya yi ja. Ta ce Inna ta cika tun kafin azahar, su suka yi shiru don kada yarinyar ta kasa karatu. Sifikar ma ta cire ta tun lokacin, ga bakin wayar nan yashe a ƙasa. Na naɗe wayata na juyo.

Ina fitowa na ci karo da Rukayya da murnarta, ba a gaya mata ba tukuna.

"Malam, ta ji ni kuwa?"

Na ce, "Ta ji ki, har ƙarshe."

Har yau ban san ko ƙarya na yi mata ko gaskiya ba, na tambayi masu gyara, na tambayi malamai, kowa ya ce Allah ne masani. Ni dai shawarata, in aka roƙe ku ku kai wa tsoho muryar wani nasa, ku kai da wuri, kada ku tsaya ƙorafi irin nawa.