Shagon da Bakina Ya Rufe a Njamena

Mun tashi da asuba daga Maiduguri, ana idar da salla direba ya fara kaɗa mu cikin mota. Ni da abokin tafiyata a can muka kwana bayan mun taso daga Kano. Shi sarin dabino ya kai shi, ni kuwa zumunci. Da yawanku kun yi ta tambayata labarin tafiyar tun da na dawo, ina ta yi muku hanya-hanya. Gaskiyar magana kunya ce ta hana ni, amma yau zan faɗa.

Ga waɗanda ba su san ni ba, gyaran kwamfuta nake yi a Kano. Kakana na wajen uwa fataucin goro ya kai shi Njamena tun zamanin Faransawa, can ya zauna ya hayayyafa. Mahaifiyata aure ne ya dawo da ita gida, wanta kuwa, Kawu Alhaji Adamu, yana can har gobe. Ban taɓa zuwa ba sai wannan karon.

Hanyar Gamboru ba a shigarta gaba-gaɗi. Sai da muka yi jerin gwano a bakin gari muna jiran rakiyar sojoji, rana ta ɗaga kafin aka saki motoci. Ramuka kuwa ba a magana. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta riƙe kwandon ƙwai a cinya tun daga tasha, duk ramin da muka faɗa sai ta yi salati ta leƙa ciki. Da muka tsallaka iyaka muka shiga Fotokol na canza kuɗi, damin nairar da ya cika mini jaka ya koma 'yan takardun sefa da suka shige aljihun gaba ba tare da ya ko kumbura ba. Abokin tafiyata ya ce in daina kallon aljihun, ba za su haihu ba.

A Kusuri muka kwana, da safe muka hau gadar da ke shiga Chadi. Kogi shimfiɗe a ƙasa, masunta a kwale-kwale, sama kuwa babura da masu ɗauke da kaya a ka ana ta gogayya. Ina sauka na tare ɗan acaɓa, su kilando suke ce musu, na zuba masa Hausa tiryan-tiryan. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya amsa da Larabci. Sai da wani mai shayi ɗan Damagaram ya ji mu ya yi mana tafinta, aka kai ni Amrigebe, unguwar da Kawu yake.

Gidan Kawu tsohon gida ne mai faɗin tsakar gida da bishiyar darbejiya. “Lale, lale, ɗan Kano! Afe, lafiya? Ina ka baro mini ƙanwata?” Haka ya tare ni, Hausarsa rabi Larabci. Aka kawo kisar, wata waina ce mai faɗi sirara mai ɗan tsami, da miyar kuɓewa da busasshen nama. Na ci har na ji nauyin kaina. Shayinsu ja ne wur, sukarin ciki zai iya tsayar da cokali.

Washegari 'yar Kawu, Hafsatu, ta fito da kwali. Abokiyar wasata ce, tun a waya ba ma raga wa juna. Za ta shiga jami'a, Kawu ya saya mata sabuwar kwamfuta, ko ledarta ba a ɓare ba. “Baba ya ce kar a taɓa ordinatar ɗin nan sai injiniya ya zo,” in ji ta. “To ga ka ga ta, mu ga ko sunan ne kawai.” Na ji kaina ya yi girma.

A wurin wani Malam Bala aka saye ta. Mutumin Zamfara ne, rashin zaman lafiya ya koro shi da iyalinsa 'yan shekarun nan. A unguwar Klemat, inda yake kasuwanci, ba a ba baƙo shago sai wani tsohon ɗan gari ya tsaya masa, kuma ba takarda ake yi ba, magana ce. Kawu ne ya tsaya wa Malam Bala a wurin mai shagon, wani dattijo Balarabe. Muddin Kawu bai janye ba, shago na Malam Bala ne.

Mu a kasuwarmu muna da wata ɗabi'a. Kowace kwamfuta ta zo hannunmu, kafin mu ga abin da ke cikinta, sai mu soka filashinmu, ɗan abin da muke ajiye manhaja a ciki, mu goge ta tas, mu ɗora mata babbar manhajar da muka saba da ita, ta shekarun baya, wadda muka san ciki da bayanta. Gata muke ganin mun yi wa mai ita. Haka na yi wa ta Hafsatu, ban bar ta ta kunnu da abin da kamfani ya sa mata ba ko sau ɗaya. Da aiki ya ƙare na ɗora yatsa a kan ɗan faifan nan da ake gogawa, wanda muke ce wa maus. Shiru. Na danna, bai nutsa ba, bai ce ƙas ba, kamar na danna tayil ɗin ɗaki.

Shekara da shekaru ina wannan sana'a, kuma a sanina maus ko kwamfuta a kashe take in ka danna shi zai nutsa. In ya ƙi, to ɗayan biyu ne: ko batir ya kumbura ya tokare shi, ko tsohuwa ce aka liƙe da gam aka sake mata kwali. Ban bincika ba, ban tambayi kowa ba. Na ɗaga kai na ce, “Kawu, an cuce ku. Wannan gyararriya ce aka yi wa kwalliya.”

Kawu ya bari sai bayan la'asar. Ya ce in ɗauko ta in biyo shi. A Klemat akwai inda 'yan kasuwa ke shimfiɗa tabarma a gaban shaguna su sha shayi, a nan ya ajiye kwamfutar a tsakiyar jama'a ya sa aka kira Malam Bala. Wani siririn mutum ya fito yana gyara hula yana murmushi. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na tsuguna ina bayani kamar malamin makaranta, ina cewa kowa ya danna ya ji. Dattawa suka riƙa miƙo yatsa ɗaya bayan ɗaya suna girgiza kai.

“Bala, ni na tsaya maka a garin nan,” in ji Kawu. “Da 'yata za ka fara?”

Murmushin ya ɓace. Ya danna shi ma, ya sake dannawa. “Wallahi Alhaji a kwalinta aka kawo mini. Ni ban san cikinta ba, saye nake in sayar. Amma tunda injiniya ya faɗa, ya fi ni sani.” Ya rungumi kwamfutar ya koma shago. Kafin magariba Kawu ya aika wa mai shagon cewa ya cire hannunsa.

Kwanakin da suka biyo baya yawo na sha, zuciyata wasai, ina ganin na ceci dangi. An kai ni bakin kogi na ci gasasshen kifi da yaji da lemon tsami, irin wanda ban taɓa ci ba. Na shiga babbar kasuwa na ga tulin dabino da kanwa da turaren wuta, na sha zoɓonsu da suke kira karkanji. Komai da tsada in ka lissafa da naira, don haka na daina lissafi. Duk inda aka gabatar da ni a cikin Hausawa sai a ce ai shi ne yaron da ya gano kwamfutar nan, ni kuma in sunkuyar da kai irin na mai tawali'u.

Ana jibi zan tafi, da hantsi, aka ce ana sallama da ni a zaure. Malam Bala ne, duk ya rame, riƙe da wani kwali. “Injiniya, biyu aka kawo mini irinta. Don Allah duba mini wannan kafin in sake cutar wani ban sani ba.”

Na buɗe. Na danna maus tana kashe, bai nutsa ba. Har na buɗe baki zan ce ita ma haka take, sai na tuna filashina yana ɗaki, na yi ƙyuyar tashi, na danna makunni kawai. Ta kunnu da manhajarta ta kamfani. Na ɗora yatsa, kibiyar da ke kan allo ta bi ni. Na danna, sai na ji ƙas a ƙarƙashin yatsana, sarai. Na kashe ta na danna, tayil. Na kunna, ƙas.

Na ciro waya na bincika, abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Ashe sabon samfuri ne. Faifan ba ya motsi ko kaɗan, haka aka ƙera shi. Wata 'yar na'ura ce a ƙarƙashinsa take ɗan girgiza in ka danna, sai yatsanka ya ji kamar ya nutsa. Kuma ba ya aiki sai babbar manhaja tana da direbansa, wato ƙaramar manhajar da ke sa ta gane shi. Tsohuwar da na ɗora ba ta san da irinsa a duniya ba. Lafiyar kwamfutar Hafsatu ƙalau, ni na kashe mata maus da hannuna.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi tunanin yin shiru. Jibi ina hanya. Zan iya cewa wannan mai kyau ce, waccan ce dai aka samu matsala, babu mai ƙaryata ni a duk unguwar. Malam Bala yana zaune yana kallon bakina. Da ƙyar na ce, “Malam, kayanka ba su da laifi. Laifina ne.” Na yi masa bayani. Sai ya ce, “Alhamdu lillahi. Ashe ban cuci yarinyar ba.” Abin da ya fara damunsa ke nan.

Gaya wa Kawu ya fi wuya. Yana kishingiɗe ya saurare ni har na gama, ya tashi zaune. “Sahi, da gaske? Kai ka lalata, ka ce shi ne?” Na ce e. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Cewa ya yi, “Sa takalminka.”

Wurin mai shagon muka fara zuwa. Dattijon ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kawo shayi, suka yi ta magana da Larabci. Ban ji ba, amma na ga Kawu yana roƙo, mutumin da ban taɓa zaton yana roƙon kowa ba. Kalma ɗaya na tsinta, kalas, wato an gama. Da Kawu ya janye, washegari dattijon ya yi wa wani alkawarin shagon a gaban shaidu, kuma shi ba ya mayar da magana. Wannan riƙon maganar da ya ba Malam Bala shago, shi ya hana a mayar masa.

Bayan la'asar Kawu ya kai ni kan tabarmar nan, ya ce in faɗa a inda na faɗi ta farko. Na tsaya a gaban dattawa na ce ni ne ban sani ba, na ce na sani. Na kunna kwamfuta ta biyun aka sake miƙo yatsu. Wani ya yi dariya, wani ya ce Allah ya kyauta. Mutanen ba su kai rabin na ranar farko ba, sauran kuwa labarin farko suka tafi da shi gida.

Ranar da ta rage mini na raba ta biyu. Da safe na karɓo kwamfutar Hafsatu daga wurin Malam Bala, na nemo manhajar kamfani na mayar mata da ita yadda take, intanet yana ja kamar ba zai ƙare ba. Ta karɓa ta ce na gode Yaya, ba tsokana ko ɗaya, wannan ma ya ƙara mini ciwo. Da rana na tafi Klemat na taya Malam Bala kwashe kaya. Wani ɗan garinsu ya ba shi gefen rumfa a unguwar Milezi, can bakin titi. Ni na riƙa ɗauko kwalaye a ka ina lodawa a amalanke, maƙwabta suna kallo. Ya yi ta cewa in bari, baƙo ba ya dako. Kawu ya yi alkawarin nema masa wani shago, amma shago a Klemat ba kullum ake samu ba.

Da za mu rabu na nemi gafararsa. Ya ce ya yafe duniya da lahira. Sannan ya ƙara da cewa, “In sabon kaya ya zo zan turo maka hoto ka duba mini. Ni ba ni da wani masani sai kai.”

Dawowa ba ni da abin ba ku labari. Gada ce, Kusuri, Gamboru, ramukan nan dai. Abokin tafiyata ya samu dabinonsa da araha yana ta zuba. Da na iso Kano mahaifiyata ta tambaye ni yadda na baro wanta, na ce lafiya, sauran sai da na kwana biyu na iya gaya mata.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, kaya suna canzawa ba sa yi wa mai gyara sallama, kuma cewa “ban sani ba, bari in duba” ba ta rage wa kowa komai. Ni da na ƙi faɗinta, ba ni na biya ba. 'Yan uwana masu gyara, ku bar kwamfuta ta kunnu da abinta kafin ku goge ta, ku kuma riƙe bakinku kafin ku kira wani macuci.

Shekaranjiya Malam Bala ya turo hoton, kamar yadda ya ce. Kwamfuta ce a kan tebur, ya sa dutse ya danne ledar da ya shimfiɗa don kar iska ta ɗauke. A bayanta ana ganin titi da ƙafafun masu wucewa. A ƙasa ya rubuta, “Injiniya, wannan lafiyarta ƙalau?”