Hancin Ranger

Duk wanda ya taɓa shiga cocin garinmu a tsaunukan Kentucky ya san Marlene Tackett. Ita ce mai tarbar jama'a a bakin ƙofa ran Lahadi, ga tsohon karen 'yan sanda, Ranger, zaune a gefenta.

Mijinta Dwight ɗan sanda ne, shi ke aiki da karen. Shekara bakwai ke nan aka harbe shi da rana tsaka a bayan ma'aikatar katako. Ranger yana wurin, har ya yago hannun rigar maharbin, amma ba a kama kowa ba. Marlene ta karɓi karen, ta kuma sa wa ranta cewa makashin ɗan gari ne, kuma hancin Ranger ba zai manta shi ba. Shi ya sa ta nemi aikin ƙofa. Kowa ya san dalili, kowa kuma yakan miƙa hannu a shinshina.

Sana'arta rubuta littattafan soyayya. A kowanne akwai gawa, akwai kare, akwai mace mai yawan addu'a. Kafin shafin ƙarshe kare ya cafke mugu, an yafe, an ɗaura aure.

Fasto ya taɓa zolayarta, ya ce, "'Yar'uwa Marlene, a takarda kam kin iya yafiya."

Ta ce, "A takarda ai sai an kama shi tukuna, Fasto."

Shekara biyu da suka wuce Wendell Pruitt ya dawo gari daga Ohio, inda ya daɗe yana aiki. Lahadin farko Ranger ya shinshina shi, ya kwantar da kai a kan takalminsa. Ikon Allah! Matar da aka manta dariyarta sai ga ta tana soya wa mutum kaza. Ya nemi aurenta, ta amsa, aka sa rana.

Saura kwana huɗu biki Ranger ya ƙi cin abinci. Wendell ya kai su asibitin dabbobi, ya jira a mota.

Likita ta gama dubawa ta ce, "Marlene, ƙari ne a cikin hancinsa, kuma ya daɗe."

"Ya daɗe kamar yaya?"

"Ko nama kika ajiye a gabansa ba zai ji ƙanshinsa ba. Ya kai shekara uku a haka."

Marlene ta leƙa ta taga, ga Wendell riƙe da kofi biyu yana mata murmushi. Sai yanzu ta tuna cewa wata guda bayan jana'izar Dwight ne Wendell ya bar gari. Tana sonsa, so na gaske, kuma ba ta taɓa tambayarsa komai ba, don ta ɗauka kare ya riga ya amsa.

Ta shafa kan Ranger, ta bar shi wurin likita, ta fita ita kaɗai. Wendell ya miƙo mata kofi, ba ta karɓa ba.

Ta ce, "Wendell, ina kake ranar da aka kashe Dwight?"