Ba Mai Hawa Kwano Sai Alhaji Yana Gida

Daminar da na kama hayar ɗaki a Kura don ajiye irin albasa, silin ya fara yoyo. Na ce wa mai gidan, "Alhaji, zan kawo kafinta ya gyara kwanon, ni zan biya."

Ya ce, "Silin naka ne, ka sauya. Amma ba mai hawa kwano sai ina nan, daga sama ana hango iyalina."

Shi kuwa kullum yana gona wajen dashen shinkafa, sai magariba yake dawowa. Na saba shawo kan kowa a ciniki, amma Alhaji ya gagare ni. Na yi ta jan buhuna daga wannan kusurwa zuwa waccan, har silin ya rufto a kansu. Irin ya jiƙe, ya tsira a cikin buhu.