Gidan Mutum Takwas, Takalman Mutum Sha Biyar

Na manta abubuwa da yawa a shekarun da na yi a Manchester, har lambar gidan da muka fara zama sai na yi dogon tunani, amma hutun da muka yi a wani ƙauye na Faransa ba zai taɓa fita daga raina ba. Har yau in na ga takalma jere a bakin ƙofa, kunya da dariya tare suke taso mini.

Mu biyu ne 'yan gidanmu a Ingila, ni da yayana da ke Birmingham. Duk shekara shi yake zaɓar inda za mu je hutu, kuma duk shekara otal yake kai mu, a cika mana faranti da dafaffen dankali ba gishiri, yara su yi ta tsalle a kan gado maƙwabta na buga mana bango. A shekarar da mahaifiyarmu, Hajiya, ta zo daga Kano ta yi mana 'yan watanni, sai na ce bana ni zan zaɓa. Yaya ya yi dariyar nan tasa ta raini a waya, ya ce, "To, bismillah. Mu dai namu ido." Ni kuwa ba na son raini ko kaɗan, kuma wannan dariyar ce ta jefa ni cikin duk abin da ya biyo baya.

Sati uku ina duba gidajen haya na ƙauyukan Faransa a waya, a cikin bas, a wurin aiki, a kicin, har sau biyu miya tana kama mini. Sharuɗɗana ba irin na Turawa ba ne. Su suna neman wurin ninƙaya da kyan tsauni, ni ina neman ɗaki a ƙasa saboda gwiwar Hajiya, da murhun da zai ɗauki babbar tukunyar tuwo, da tsakar gida mai katanga yadda mace za ta ajiye mayafi ta sha iska. Wani gidan ya yi kyau, na duba taswira na ga gonar alade a bayansa. Wani kuma an rubuta cewa karen mai gida yana son baƙi ƙwarai, na ce ya riƙe soyayyarsa. Ana nan sai na faɗo kan wani tsohon gidan dutse, tagoginsa shuɗaye, ga lambu da itatuwan tuffa, ga ɗaki a ƙasa, ga katanga. Ina ganinsa na ji ya kwanta mini. Matsala ɗaya ce: an rubuta ƙarara cewa gidan na mutum takwas ne.

A gidanmu ba a ƙirga mutane. Hajiya ba ta yarda a ce jikokinta kaza ne ba, in ka fara nuna su da yatsa sai ta buge hannun ta ce ka ce masha Allah ka yi shiru. Da wannan tarbiyyar na fake. Na lissafa ni da maigidana da 'ya'yanmu uku, da Hajiya, da Yaya da matarsa, takwas cif. 'Ya'yan Yaya huɗu kuwa na ce ai yara ne, ko'ina aka shimfiɗa musu bargo sun kwanta. Na cike takarda, na rubuta takwas, na tura wa 'yan uwa hotuna ina jin kaina. Ba zan yi muku ƙarya ba, na san abin da nake yi, kawai dai na ƙi kallonsa ne.

Hotunan nan su suka ƙara jawo mini. Ƙanwar matar Yaya, wadda ke karatu tana zaune a unguwar Fallowfield ta Manchester, ta ce ita ma an yi hutu, kuma wa zai bar yarinya ita kaɗai a ɗakin ɗalibai? Sai ƙanin maigidana da ke unguwar Lozells ta Birmingham ya bugo ya ce shi da amaryarsa ba su taɓa ganin Faransa ba. A wurinmu ɗan uwa ba ya cewa zan biyo ku a ce masa babu wuri, balle dangin miji. Na ce, "Haba, ai gidan ƙato ne." Ranar tafiya muka haɗu a Sparkbrook, unguwar su Yaya, mota uku, buhun shinkafa, garin tuwo, kuka, daddawa, butoci shida, da mutum goma sha biyar.

Sai da muka sauka daga jirgin ruwa na ja Yaya gefe na gaya masa gaskiya. Na yi zaton zai yi faɗa, amma bai yi ba. Murmushi ya yi, ya gyara hularsa, ya ce, "Ai ke kika yi booking, ranki ya daɗe. Mu baƙinki ne." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mai gidan wata tsohuwa ce 'yar siririya mai farin gashi, kuma gidanta na kallon namu, tsakar gida ɗaya ce ta raba mu. Wannan ma ban lura da shi a hotuna ba. Don haka na tsara dabara. Mu takwas muka shiga da mota biyu muka karɓi makulli, sauran bakwai na ce su jira a gindin cocin ƙauyen, sai tsohuwar ta shiga ciki su zagayo ta ƙofar lambu. Na kafa doka cewa ba a fita tsakar gida fiye da mutum takwas a lokaci guda, in wasu sun fito wasu su koma. Yara suka ɗauki abin wasa, suna rarrafe ta ƙarƙashin taga suna ƙyalƙyala dariya. Hajiya kaɗai ba a gaya wa ba. Da ta tambayi me ya sa ake fita kashi-kashi, na ce mata al'adar garin ce, ba sa son hayaniya. Ta ce, "Ikon Allah, kowa da irin nasa."

Kwana biyu komai ya tafi daidai. Na tuƙa tuwo, ƙamshin miyar kuka ya cika ƙauyen Faransa, Hajiya na zama gindin tuffa da carbinta tana cewa wurin nan ya fi otal ɗin Yaya da ake ba ta labari sau dubu. Ina jin haka sai in kalli Yaya in ɗaga gira. A raina na ce na gama da shi.

Rana ta uku da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na leƙa ta taga na ga tsohuwar da kwandon ƙwai a hannu. Cikin minti ɗaya na kora mutum bakwai sama, na rufe su a ɗaki, na gyara ɗankwali, na buɗe ƙofa da fara'ar da ta fi ƙarfin fuskata. Ta miƙo mini kwandon, ta gaishe ni da ɗan Turancinta, amma ba ni take kallo ba. Ƙasa take kallo.

Na ɓoye mutane, na ɓoye mota ta uku, har shanya na hana a yi a waje, amma ban taɓa tunanin takalma ba, don a idona takalmi a bakin ƙofa ba abin gani ba ne. Mu ba ma shiga ɗaki da takalmi, balle inda ake salla, kuma Hajiya ba ta son a watsar da su. Kullum da safe sai ta sa an jera su daga babba zuwa ƙarami. Ga su nan reras a kan dakalin dutse, tun daga ƙaton sandal ɗin Yaya har zuwa ɗan jan takalmin autarsa mai shekara biyu. Tsohuwar ta sa yatsa tana ƙirgawa da yarensu, a hankali, ba ta gaggawa, har ta kai ƙarshe.

Na ce, "Mu mutane ne masu son takalma. Kowa biyu ya zo da su."

Ta sunkuya ta ɗauki ɗan jan takalmin, ta ɗora shi a tafin hannunta, ta ce, "Wannan na wane ne a cikin yaranki uku?" Ƙaramin cikinsu shekararsa tara, kuma yana tsaye a bayana da ƙafa kamar ta babansa. Kafin in ƙirƙiro wata ƙaryar, mai takalmin da kanta ta tsala kuka daga sama.

Daidai nan Hajiya ta fito daga ɗakinta, ta idar da walaha. Tana ganin baƙuwa da kwando ta washe baki, ta juya wajen matakala ta ɗaga murya: "Kai, ina yaran nan? Baƙuwa ta zo har da tsaraba kuna sama? Ku sauko duka ku gaishe ta." Maganar Hajiya ta fi dokata. Suka sauko ɗaya bayan ɗaya, kowa na durƙusawa, har amarya da lulluɓinta. Yaya ya jingina da bango ya harɗe hannu kamar mai kallon wasa.

Tsohuwar ta ce in biyo ta. Muka bi ta duka zuwa ƙarshen lambu, ta nuna mana wani wuri da ciyawa ta jiƙe ta yi duhu, ga wani wari da tun jiya nake ɗora wa shanun maƙwabta. Ta bayyana cewa ƙauyen ba shi da magudanar gari. Duk ruwan wanka da na banɗaki a rami ɗaya yake taruwa, irin sokawen gidajenmu na Kano, kuma mijinta marigayi ya haƙa shi daidai mutum takwas. Ashe takwas ɗin ba maganar wurin kwana ba ce. Mu kuma mutum goma sha biyar ne masu alwala sau biyar a rana, ga butoci shida ba sa hutawa. Ta ƙara da cewa tun ranar farko ta san da sauran, don mai gidan burodi ya gaya mata an ga mota cike da mutane a gindin coci, wani saurayi a ciki yana ɗaga wa duk wanda ya wuce hannu. Ƙanin maigidana ya sunkuyar da kai ya ce shi gaisuwa kawai ya yi.

Sannan ta ce, bisa yarjejeniyar da na sa wa hannu, tana da ikon cewa mu tashi yau.

Nan dariya ta ƙare. Tsakiyar lokacin hutu ne, na san babu gidan da za mu samu, ga tsohuwa mai ciwon gwiwa, ga yara. Hajiya ta taɓa ni ta ce, "Me take cewa?" Na buɗe baki zan ce maganar ciyawa ce, sai Yaya ya ce a hankali, "Fassara mata daidai. Ina ji." Haka na tsaya a gaban kowa na fassara laifina da bakina, tun daga takardar da na cike har zuwa ƙofar lambu.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta ce, "Wato kwana uku ina salla a gidan da mai shi ba ta yarda da zamanmu ba? Kika ce mini al'adar gari ce?" Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba. Ta juya wajen tsohuwar, ta dafa ƙirji, ta ce mini, "Gaya mata ni na haifi wannan. Ta yi haƙuri. Yanzu za mu tattara kayanmu." Na fassara wannan ma.

Tsohuwar ta dubi Hajiya. Daga nan ta ce da tun farko na rubuto mata gaskiya, da ta gaya mini tana da ɗakuna uku a saman gidanta da ba a buɗe ba tun da 'ya'yanta suka koma birni, kuma nata ramin daban ne. Mutum bakwai su koma can, ta ce, amma ita za ta zaɓa. Ta ɗaga yatsan nan da ta ƙirga takalma da shi, ni ta fara nunawa.

Ɗakin da ta ba ni yana saman akurkin kajinta, kuma zakaranta bai san ana hutu ba. Washegari da mai tankar kwashe rami ya zo, ni aka tura in buɗe masa ƙofar lambu in tsaya har ya gama, Yaya na daga nesa da kofin shayi yana tambayata ko otal yana da irin wannan hidimar. Hajiya kuwa ta yi ƙawa. Kullum da la'asar su biyu suna gindin tuffa, wannan na Hausa wannan na Faransanci, ba mai jin wata, suna ta hira suna nuna ni suna dariya. Kafin mu tafi tsohuwar ta ci tuwo da cokali, kuma ta fara cire takalminta a bakin ƙofarmu, ta jera shi a sahun manya.

Har yau Yaya yana kirana Hajiya Takwas, yaransa ma Anti Takwas, kuma ba a sake ba ni zaɓen wurin hutu ba sai da aka shekara uku. Abin da na koya shi ne, in ka ga mai gida ya kafa doka, tambayi dalilinta kafin ka nemi ƙofar baya, don sau da yawa abin da kake shirin sata kyauta za a ba ka in ka roƙa. Hajiya dai har gobe ba ta yarda a ƙirga mata jikoki ba. Amma duk lokacin da za a yi tafiya aka ce ni zan cike takarda, sai ta bugo daga Kano ta ce, "Kada ki ƙirga mini mutane. Je ki bakin ƙofa ki ƙirga takalma, har da ɗan jan nan."