Ranar da Malam Sabi'u Ya Kori Masu Gadi

Ku da kuka zauna unguwar Ardwick a Manchester kun san Malam Sabi'u ba ya neman abu kai tsaye. Shekara uku muna flat ɗaya, ban taɓa jin ya ce "ba ni sukari" ba. Sai dai, "Baba Iddi, daga kicin, daga kabad na sama, daga cikin gwangwani, import sukari."

Na ce, "Gwangwani ɗaya ne a gidan nan."

Ya ce, "Yau ne ɗaya."

Ni ban yi boko ba. Daga zangon Kumasi na zo, gadi nake yi a wani sito a Salford. Shi kuwa daga Zariya ya zo digiri na uku kan ruwan damina, yana lissafinsa da wani yaren kwamfuta wai shi Python. Ya ce aikin folda ce cikin folda cikin folda, kamar gidan gandu. Fayil ba ya aron kaya wurin ɗan'uwansa sai ya faɗi ƙofofin da zai bi, sannan ya ce "import", wato a shigo da shi.

Wata rana muka je bikin suna a Erdington, aka ajiye masa tuwo kwano ɗaya da wani Alhaji.

"Bismillah, Malam."

"A'a, Alhaji, kai ne babba."

"Ai kai ne mai ilimi."

Har miya ta daskare. Na ja kwanon na cinye. A mota ya ce, "Abin da ya tsayar min da aiki makon jiya ke nan. Wannan fayil na jiran wancan ya fara, wancan na jiran wannan."

Na ce, "Sa musu ɗan Gana a tsakani."

Kullum sai ya yi min tsiya: "Baba, shi gadi aiki ne? Zama ne kawai."

Saura kwana biyu ya nuna aikinsa gaban malaman uni, in ya faɗi scholarship ta ƙare, sai ya hau share-share. A bakin kowace folda akwai wani ɗan fayil fanko da abokin karatunsa ya sa masa tun farko. Ya ce shi ba ya ajiye malalaci. Ya goge su kaf.

Na dawo daga aiki da safe na tarar da shi yana gumi, ga sanyi.

"Baba, na shiga uku. Fayilolin nan duk sun ce ba su san juna ba."

"Me ka taɓa?"

"Ba komai. Wasu fanko ne na share."

"Suna zaune a bakin ƙofa, ba sa komai?"

"Ƙwarai."

"Masu gadi ka kora."

Ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya, aiki ya tashi. Bai ce na gode ba. Amma daga ranar shi ke dafa min shayi, sukarin ma shi ke ɗaukowa.

Bara aka bugo min daga gidansu, aka ce Malam Sabi'u ya rasu. Ya Allah, daga Zariya, daga Tudun Wada, daga gidan da ke bayan masallaci, bawanka Sabi'u. Na faɗa a jere yadda yake so, ko da yake Kai ka san hanya. Ka jiƙansa, ka sa masu tsaron ƙofar Aljanna su gane shi.