Si Munsif da Masu Garkuwa da Kwamfuta

Si Munsif Kammun, wato Malam Munsif, ya yi shekara ashirin da bakwai yana koyar da lissafi a wata sakandare a nan garin Safakus, kafin ciwon gwiwa ya hana shi tsayuwa a gaban allo. Da ya yi ritaya sai ya kama shago kusa da ƙofar gari ta Bab Jabli, jikin nawa shagon na ɗaukar hoton biki, ya shiga gyaran kwamfuta. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa tilo, Wafa, tana aure a garin Susa. Gajere ne mai tabarau masu kauri, magana ba ta dame shi ba. Kullum da hantsi mukan ci lablabi, romon wake da burodi, a bakin ƙofarsa, ina zuba yana gyaɗa kai.

"Rida," yakan ce mini, "da a kilo ake sayar da surutu, da tuni ka sayi rabin garin nan."

A shekararsa ta shida a shagon wata muguwar manhaja ta shigo gari. Mutum zai buɗe saƙo, kafin ya ankara an kulle duk abin da ke cikin kwamfutarsa, rubutu ya fito cewa sai ya biya kuɗin fansa za a ba shi mabuɗi. Ina cikin waɗanda ta fara kamawa. Hotunan shekara goma sha ɗaya, har da na amare huɗu da ban kai musu nasu ba. Na rungumi kwamfutar na faɗa shagonsa.

Bai ce mini sannu ba. Tambayata ya yi, "Ƙarfe nawa abin ya faru?"

Kwana tara ya yi a kanta, yana cika takardu da lambobi. A na goma ya ƙwanƙwasa bangon da ke tsakaninmu. Na shiga na tarar da amarya tana murmushi a fuskar kwamfutar.

"Ɓarayin nan ragwaye ne," in ji shi. "Da agogon kwamfutarka suke ƙera mabuɗin. In na gano daƙiƙar da suka kulle, sai in ƙera irinsa. Da ɗalibaina ne, da sun maimaita aji."

Sai ya kama hannuna ya matse. "Kada ka rubuta wannan a ko'ina. Ranar da suka ji, za su toshe kafar. Wanda abin ya shafa, ka raɗa masa ya zo."

Cikin wata biyar ya buɗe wa mutum fiye da arba'in: lauya, mai kantin magani, masu matsar man zaitun, wata ɗaliba da aka kulle wa kundin digirinta. Sai gulma ta tashi a gidan shayi, wai ta yaya tsohon malami zai buɗe abin da ya gagari injiniyoyi, in ba da shi ake raba ganima ba. Wani ma ya tofa yawu a ƙofarsa. Shi ko a jikinsa. Ni ne raina ya ɓaci. Na hau shafina na intanet na wanke Si Munsif tas daga zargin, kuma don kowa ya gamsu na bayyana dabarar agogon dalla-dalla, har da hotonsa. Dubban mutane suka yaɗa, ina ta jin daɗi.

Da ya karanta sai ya cire tabarau ya goge. "Ka iya rubutu, Rida," kawai ya ce.

Bayan kwana goma sha biyu Khalti Mabruka, wato Inna Mabruka, mai sayar da kayan miya a bayan masallaci, ta zo da kwamfuta a naɗe cikin mayafi. Ta ɗanta Anis ce, wanda ya hau kwalekwale zuwa Italiya shekara biyu da suka wuce, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A ciki akwai bidiyoyinsa, yana kamun kifi, yana tsokanarta a kicin. Kowace Juma'a takan kunna ta ji muryarsa.

"Si Munsif, an ce kai ne mai buɗewa."

Ya duba na ɗan lokaci, ya sake dubawa. Na ga yatsunsa sun tsaya cak.

"Khalti, wannan sabuwa ce. Sun canza kwaɗon."

"To, ka buɗe sabon. Ba sauri nake yi ba, ɗana."

Ya girme ta, amma haka ta kira shi.

Ɓarayin ma sun rufe adireshin da ake tuntuɓarsu, ko da za a biya babu wanda za a ba. Si Munsif ya cire faifan ajiyar, ya kwafe shi gida uku. Fiye da shekara yana neman wata kafar. Ya rubuta wa masana a ƙasashen waje da guntun Turancinsa, biyu suka amsa da ban haƙuri. Ya daina karɓar ƙananan gyare-gyare, ya rame. Bai taɓa yi mini gori ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Wata safiya mai gyaran takalma ya same shi a zube a bakin shago, ɓarin jikinsa ya shanye. Wafa ta ɗauke shi zuwa Susa. Na je duba shi sau biyu. Bakinsa ya karkace, ban gane komai ba sai "Mabruka". Ya rasu a farkon kakar zaitun.

Da muke kwashe kayan shagon, Wafa ta miƙo mini ambulan da sunan Khalti Mabruka a jiki. Faifan ne, da takarda da ya rubuta: a ajiye shi inda babu laima, kada a goge, domin wani lokaci akan kama irin waɗannan ɓarayi a ƙwace mabuɗansu.

Na kai mata kasuwa, na karanta mata. Sannan na gaya mata cewa rubutuna ne ya sa aka canza kwaɗon. Ta daɗe tana tsince kara daga cikin na'ana'a, ba ta ɗago ba.

"Shi ya sani?"

"Ya sani, Khalti."

"Kuma bai kore ka ba?"

"Bai kore ni ba."

Ta sa ambulan ɗin cikin rigarta. "Allah ya jiƙansa. Matsa gefe, ka tare mini masu saye."